Wanda Suka Kira Hana-Makka

Shekara bakwai ke nan cif da aka fita da yayana Mamuda daga gidanmu na Limawa zuwa makwancinsa. Kowace shekara idan watan ya kama sai in ɗauki biro in ce bana zan rubuta labarinsa a jarida, sai kuma in ajiye. Ba kuka ke hana ni ba, na gama kukana tun tuni. Haushi ne. Bana dai na ce ko rubutun zai fito a karkace sai na yi shi, domin makon jiya a cikin keke, ina dawowa daga kasuwa, na ji wani dattijo yana yi wa direba kwatancen inda zai sauka da cewa, "Layin gidan su Hana-Makka." Mutum ya shekara bakwai a ƙasa, amma sunan da aka laƙa masa yana nan yana yawo a gari, har ya zama kwatancen hanya.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi wannan nauyi. Mahaifiyarmu ta ba ni saƙo in kai wa Yaya, ban kai ba har ya mutu. Ba wanda ya san wannan, ko mijina. Zan zo kansa, amma sai na fara gaya wa wanda bai san shi ba ko wane ne Mamuda, da abin da ya yi har Minna ta yi masa suna.

Aikinsa duba lafiyar jiragen sama ne. Ma'aikacin gwamnati ne, cikin mutanen da doka ta ce sai sun duba jirgin haya, sun duba takardunsa, sun sa hannu cewa ya cancanci tashi, kafin a zuba masa mutane. Ya yi shekaru yana aikin gyaran injin jirgi kafin a ba shi wannan matsayi. A gida ba mu ɗauki aikin da wani girma ba. Mu a wurinmu mai aikin jirgi shi ne matuƙi mai farar riga da hula, namu kuwa sai ya zo hutu da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ni ce auta, ni kaɗai ke da bakin tsokanarsa, nakan ce masa bakaniken sama. Kayan aikinsa da na fi sani biyu ne: tocila, da wani ɗan madubi a bakin siririn ƙarfe da yake zurawa lungun da kai ba ya shiga. Ƙa'idarsa kuma ɗaya ce, ba ya sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba. Ko takardar filin da mijina ya saya a hanyar Bosso, da aka ce ya zama shaida, sai da ya je ya taka kusurwa huɗu da ƙafarsa, muna tsaye a rana muna harararsa.

Shekarar da abin ya faru, shi ya biya wa Inna kujerar Makka. Inna ta manyanta a lokacin, ƙafa ta fara ba ta wahala, kuma tun ina ƙarama ban san ta da wani buri ba sai ta ga Ka'aba da idonta. Ƙanenta, Kawu Sale, shi ne muharraminta. Aka ɗinka kaya, aka yi sallama da dangi har na Wushishi, aka kai su sansanin alhazai da rakiya mota uku. Sai ga labari cewa an turo Yaya daga Legas cikin waɗanda za su duba jirgin da aka yi hayarsa daga wata ƙasa don kwasar alhazan garinmu. Muka yi ta murna, muna cewa abu ya yi kyau, ɗa zai duba jirgin uwarsa.

Jirgin ya sauka yana ƙyalli, sabon fenti fari fat. Mutane har tattaki suka riƙa yi zuwa bakin shingen filin jirgi don su gan shi, kowa ya dawo yana sa albarka. Ashe kyan ɗan maciji ne. Yaya ya shiga cikinsa da safe, shi da abokin aikinsa. Da azahar ya fito ya rubuta cewa jirgin nan ba zai ɗauki kowa ba sai an buɗe wani wuri a jikinsa an gwada shi da na'ura.

Ya yi mini bayanin abin da ya gani a tsakar gida a ranar, yana cin tuwo a tsaye. Ban saurare shi ba, amma maganar ta zauna a kaina har yau. Ya ce kowane jirgi yana da littafin da ake rubuta duk gyaran da aka yi masa, da ranar, da wanda ya yi. Littafin wannan jirgi ya yi tsabta da yawa. Gyaran shekara uku, rubutun hannu ɗaya, biro kala ɗaya, ba yatsan baƙin mai ko ɗaya, ba inda aka yi kuskure aka soke. Ya ce littafin makanikai na gaskiya ba ya zama haka. Ni da nake malamar makaranta ya kamata in fi kowa ganewa, don na san kamannin littafin da aka zauna aka cike shi zama ɗaya saboda an ji masu duba makaranta na tafe. Wannan tsabtar ce ta sa ya ɗauki madubinsa ya zura inda fiffike ya haɗu da gangar jirgin. Ya kankare fenti da farce ya tarar da tsatsa, a cikin tsatsar kuma ga tsaga siririya kamar gashi. Masu jirgin suka ce gwajin zai ci kwanaki, ga ranar rufe shiga ƙasa mai tsarki ta matso. Ya ce musu ai ba a fafe gora ranar tafiya, su da suka san da tafiyar tun bara me ya hana su gyara.

Alhazai suka kwana uku a sansani a kan tabarmi, ga zafi, ga sauro, ga tsofaffi da ciwon ƙafa. Kafin a ce me, gari ya ɗauka cewa ɗan Limawa ne ya hana jirgi tashi.

A nan ne nake so mai karatu ya lura, don a nan ne cutar take. Wakilin kamfanin jirgin bai kai wa Yaya cin hanci ba. Ya yi tambaya, an gaya masa mutumin ba ya ci. Sai ya tambayi gidanmu. Mu aka kai wa Yaya a madadin kuɗi. Aka fito da Kawu Sale daga sansani, ya tattaro dattawan unguwa huɗu, suka zo zauren gidanmu bayan azahar suka sa aka kira Yaya. Ina laɓe a bayan ƙofa ina ji. Kawu ya cire hularsa ya ajiye a kan tabarma a gaban ɗan yayarsa. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da wannan ke nufi, ya kuma san ba a barin hular babba a ƙasa.

"Mamuda," in ji Kawu, "ban taɓa roƙonka komai ba tun da aka haife ka. Yau ga hulata."

Yaya ya ɗauki hular da hannu biyu, ya kakkaɓe ta, ya miƙa masa yana durƙushe. "Kawu, don girman Allah ka mayar da hularka. Da gonata ka roƙa da na ba ka. Wannan ba nawa ba ne balle in bayar."

Wani daga cikin dattawan ya ce, "Kai yaro, wanda ya cika a hanyar Makka ai ya dace. Kai ne za ka tsare wa mutane ajali?"

"Ajali na Allah ne, Baba. Sa hannun ne nawa, kuma ni za a tambaya."

Suka tashi suna kaɗa riguna. Da dattawa suka kasa, sai aka turo ni, don kowa ya san Yaya bai taɓa ce wa Auta a'a ba. Na yi kuka, na yi magiya, na ce ya tuna ƙafar Inna, wa ya san ko za ta kai baɗi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Auta, don ƙafar Innar nake yi." Na fita na bugo masa ƙofa.

Washegari aka turo takarda daga hedikwata ta faks. Izini na musamman, jirgi ya tashi, a yi gwajin bayan an gama jigila. Wanda ya sa hannu a takardar yana zaune a ofis mai sanyin esi, tafiyar yini daga inda jirgin yake tsaye. Bai ga littafin ba, bai ga tsatsar ba, bai taɓa sunkuyawa ƙarƙashin fiffiken ba. An dai buga masa waya daga inda ba ya iya cewa a'a, ya jawo biro. Gwamnati ta ɗauki mutum, ta tura shi karatu, ta ba shi tocila ta ce je ka gani, ya je ya gani, sannan ta ce abin da ya gani bai kai sa hannun wanda bai gani ba. To don me aka aike shi? Da an bar shi a garejinsa ya fi, aƙalla da ba a yi wa jama'a ƙaryar cewa akwai mai duba musu ba.

Bayan la'asar aka jera motocin bas a sansani. Ina can na kai wa Inna dambun nama. Sai ga Yaya ya shigo cikin kayan gida. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga murya, shi da ba ya ɗaga murya, ya gaya wa mutane abin da ya gani, ya ce shi bai sa hannu ba kuma ba zai sa ba. Aka yi masa ihu. Wani ya ce a fitar da mahaukaci, wata ta ce baƙin ciki ne don shi bai je ba. Ba na zagin mutanen nan, sun gaji, kuma zuciyarsu ta riga ta tafi Makka ta bar su. Da ya ga ba mai ji, sai ya nufo tabarmar Inna ya durƙusa.

Sai na yi wa ƴan zamani bayani kaɗan. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. "Wancan" take ce masa. Idan ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Ba ta yabonsa, ba ta kare shi a gaban mutane, ko da kuwa shi ke da gaskiya. Haka aka rene ta, ta kuma riƙe.

"Inna," ya ce, "na kasa tsayar da jirgin. Ina roƙonki kada ki shiga."

Inna ta daɗe tana kallon jakarta. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "An gani da ido, ko ji aka yi?"

"Da idona, Inna."

Ta sa hannu ta ciro ƴar jakar fasfo da ke rataye a wuyanta, ta ajiye a kan tabarma. Ta ce, "To, a mayar da ni gida."

Ni kuwa sai shaiɗan ya hau kaina. A gaban ɗaruruwan mutane na nuna yayana da yatsa na ce, "Wallahi idan Inna ta mutu ba ta ga Ka'aba ba, kai ka hana ta, kuma sai Allah ya tambaye ka." Magana zarar bunu ce, na zare ta a ranar, ban kuma mayar ba. Yaya ya sunkuya. Ya ɗauki jakar Inna ya ɗora a kai kamar ɗan dako, ya yi gaba, tana bin sa a hankali da sandarta.

Jirgin ya tashi da Kawu da sauran jama'a. Ya sauka lafiya.

Wannan "ya sauka lafiya" shi ya kashe yayana a idon gari. Alhazai suka yi aikinsu suka dawo. Sun dai yi jinkiri sosai a can, kuma a wani jirgi dabam aka dawo da su, amma wa zai tsaya tambaya, jinkirin alhazai ai ba baƙon abu ba ne. Kawu ya shigo gidanmu da haƙorin Makka yana walƙiya, ya ajiye wa Inna zamzam da dabino, ya ce da ƙarfi yadda na zaure zai ji, "Ga mu nan, ko ƙwarzane babu." A majalisar bakin masallaci aka raɗa wa Yaya suna Hana-Makka, sunan ya bi shi. Inna ba ta ce uffan ba. Mu kuma muka fassara shirunta da fushi, alhali mun san ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta buɗe baki ta kare ɗan fari ba. Mun san al'adar sarai, mun dai zaɓi mu manta ne saboda ya fi mana daɗi.

Ofis ɗinsu ma bai bar shi ba. Aka ba shi takardar tuhuma cewa ya fitar da sirrin aiki ya tayar da hankalin jama'a. Aka ɗauke shi daga filin jirgi aka kai shi ɗakin ajiyar fayil, mutumin da kunnensa ke gane ciwon inji daga ƙararsa. Bai yi shekara biyu a can ba aka ce ya yi ritaya. Ya dawo Minna, ya kama noman doya a wajen Gwada, ya rage shiga mutane.

Inna kuwa ba ta kai baɗin ba. Ya riga ya sake yi mata rajista, amma ciwo ya kwantar da ita da damina. Kwana huɗu kafin ta cika, da hantsi, ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta ce in matso. Ta ba ni saƙo zuwa gare shi, gajere, wanda na san zai sauke masa dutsen da ke ƙirjinsa. Na ce, "Inna, ga shi can a zaure, in kira shi ki gaya masa mana." Ta ce, "Ke ma kin san bakina ba zai iya ba. Shi ya sa na ba ki." Na ce to. Amma a raina na ce ba yanzu ba, bari ya ɗan ɗanɗana. Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, ya same ni ina tattara tabarmi. Ya tsaya yana murza hularsa, ya ce, "Auta, Inna ba ta ce komai a kaina ba?" Na dube shi na ce, "Me kake so ta ce?" Ya gyaɗa kai ya fita.

Da farko fushi ne ya hana ni. Da fushin ya huce sai kunya ta karɓe shi. Ta yaya zan je in ce wa mutum, Inna ta ba ni saƙonka tun bara, tun bara waccan? Kowace Sallah in ce bana zan faɗa. Muna gaisawa, yana aiko mini da doya buhu-buhu, ina aika masa da abinci, maganar tana nan tsakaninmu ba mai taɓa ta. A cikin waɗannan shekaru ne jirage suka riƙa faɗowa a ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya, har da mai ɗauke da ƴan makaranta. Ban san abin da ya kayar da kowannensu ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Na dai san yadda Yaya ke zama kusa da rediyo idan ana karanta sunaye, kansa a sunkuye. Ko sau ɗaya ban ji ya ce "na faɗa" ba. Idan an gama sai ya kashe rediyon, ya ɗauki fartanya. Shekara huɗu bayan Inna, wata safiya, ya faɗi a tsakanin kunyoyin doyarsa. Kafin a iso da shi Minna rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne.

Rana ta uku da rasuwar wani baƙo ya zo ta'aziyya ya ce yana son ganin ƙanwar mamacin. Bitrus sunansa, mutumin kudancin Kaduna, shi ne abokin aikin da ya riƙe wa Yaya tocila a cikin jirgin nan. Ya zauna a bakin tabarma, idonsa jajur.

"Madam, oga bai gaya maka ba? Jirgin nan, da ya sauke alhazai, mutanen can suka duba shi. Daidai wurin da oga ya nuna, nan suka bude. Ba su bari ya sake tashi da mutum ba. Shi ya sa alhazai suka dade ba su dawo ba."

Na ce, "Yaya ya sani?"

"Ni na buga masa waya da kaina. Na ce oga, ka gaya wa mutanen gida. Ya ce, Bitrus, bar shi, Mama ya riga ya rasa Arfa, wannan magana ba zai mayar masa ba."

Na tashi na shiga ɗaki. Abin da na yi a ciki ba na jarida ba ne.

Kada wani ya ɗauka na kawo maganar Bitrus ne don a ce, ashe dai yana da gaskiya. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Mamuda yana da gaskiya tun ranar da ya fito daga cikin jirgin, ko da jirgin zai yi shekara goma yana kai da kawowa lafiya. Mu mutane ne masu auna abu da ƙarshensa. Idan an sauka lafiya, mai gargaɗi mahaukaci ne. Idan an faɗo, sai mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu shafa fatiha, mu tashi. Ta kowane gefe ba a tambayar kowa komai. Allahn da muke jingina wa sakacinmu kuwa shi ya ba mu ido da hankali, kuma tun muna yara ake gaya mana cewa ya ce tashi in taimake ka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce an gyara dokoki, an kori tsofaffin jirage, an ƙara wa masu dubawa ƙarfi. Ba na musu, mai yiwuwa an yi. Na ga kuma ana ta yi wa filayen jirgi kwaskwarima, tayil mai santsi, gilashi, sabon fenti. Na san zai shafa bangon da tafin hannu ya ce ya yi kyau, sannan ya sa farce. Bara ma wani jirgi ya faɗo a kan gidajen mutane a kudu, aka yi kwanakin makoki, aka kafa kwamiti, ihu bayan hari kamar kullum. Mu da ƴan'uwanmu ke hawa jiragen ba mu taɓa ganin an zo an karanta mana abin da kwamiti ya gano da harshen da muke ji ba. Tambayar da na tabbata zai yi ita ce: idan yau wani ƙaramin ma'aikaci ya zura madubi ya ga tsaga ya ce a'a, wa ke tsaya masa? Doka ba ta rarrafawa ƙarƙashin fiffike. Mutum ke yi, kuma mutumin yana da shugaban da ake bugo wa waya, yana da kawu mai hula, yana da ƙanwa mai kuka. Idan har takarda daga sama za ta iya shafe abin da ya gani, kuma wanda ya sa hannu a takardar zai yi ritayarsa cikin girma ba wanda ya taɓa kiransa ya yi bayani, to duk gyaran da aka yi fenti ne.

Ba kuma zan ɗora wa gwamnati kaya duka in koma gefe ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wakilin kamfanin nan bai san hanyar Limawa ba, mu muka nuna masa. Muna zagin ma'aikata cewa ba su da amana, amma ranar da namu ya riƙe amana a kan abin da muke so, mu ne na farko da za mu je mu cire masa hula. Kawu Sale yana nan da ransa, ido ya yi rauni, na san za a karanta masa wannan. Kawu, ban rubuta don in ci mutuncinka ba, kai ma gaba aka sa ka. Amma tsagar nan tana ƙarƙashin kujerar da ka zauna a kai har Jidda, kuma wanda ka yi wa gori a tsakar gida shi kaɗai ne ya damu da ita a duk garin nan.

Me ya rage na Mamuda? Ba gida ya bari na a zo a gani ba, ba lambar yabo. Ƴaƴansa suna nan sun girma, kuma na ga babbar ba ta sa hannu a takarda sai ta karanta ta har ƙasa, ko da ana jiranta. Madubin yana wurina, matarsa ta ba ni. Jakar Makkar Inna tana kan durowa, ba a taɓa buɗe ta ba tun ranar da ya ɗauko ta a ka. Sai kuma sunan nan. Ina roƙon mutanen Limawa, don Allah, idan za ku yi kwatance ku ce layin gidan su Mamuda mai duba jirgi. Bai fi wancan tsawo da yawa ba, direba zai gane.

Saura saƙon. Na san jarida ba ta shiga kabari, na kuma san malamai za su ce addu'a ta fi masa wannan amfani, ina yi. Amma a gaban mutane na nuna shi da yatsa na rantse, don haka a gaban mutane nake janyewa. Yaya, ba kai ka hana Inna ba, kuma abin da Allah zai tambaye ka a kan ranar nan, ina fatan a yi mini tambaya mai sauƙinsa. Ka tambaye ni ko ta ce wani abu a kanka. Ta ce. Ga shi yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba: "Ni na cire jakar da hannuna, ba ƙwace ta aka yi ba. Da za a sake, haka zan sake yi. Ban riƙe shi da komai ba. Ki ce Allah ya yi masa albarka."

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wannan, Allah ya yafe mini. Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai, don shi ne da ka fi so ka ji. Da za ta fara maganar, Yaya, ba "wancan" ta ce ba. Ta rufe ido, ta ce, "Ki gaya wa Mamuda."